Ina Makomar Masu Kula da Sito a Jihar Kaduna?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata sana'a da ba kasafai ake ambaton ta a shafukan jaridu ba, duk da cewa babu buhun masara ko katan ɗin magani ko dilar atamfa da ke isa ga mai saye ba tare da sun bi ta hannun masu yin ta ba. Ina nufin aikin kula da sito da riƙe lissafin kayan da ke shiga da fita, wanda a zamaninmu ake kiran mai yin sa sitokifa, mataimakansa kuma akawunan sito.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da ɗan ƙanena ya yi mini a makon jiya, muna zaune a ƙofar gida bayan sallar isha'i. Yaron ya gama sakandare, lissafinsa ya yi kyau, kuma yana tunanin neman gurbin karatun saye da adana kaya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Sai ya ce da ni, "Baba, don Allah ka gaya mini gaskiya, idan na yi wannan karatu zan sami aiki a garin nan, ko kuwa kwamfuta ta riga ta karɓe shi?" Na ba shi amsa a daren, amma da na kwanta sai na tuna cewa iyaye da yawa a Rigasa da Tudun Wada da Kakuri da Zariya suna shan irin wannan tambaya, kuma alƙaluman rashin aikin yi da muke ji a rediyo ba za su taimake su ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sannan da ta sauya hanyar lissafi a 2023, inda duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ake ɗaukar sa mai aiki, sai adadin ya koma kashi 4.1. Uban da ke son sanin inda ɗansa zai kai takardunsa ba zai iya ɗora shawara a kan ko ɗaya daga cikinsu ba. Don haka na ga ya dace wanda ya yi sama da shekara talatin a bakin sito ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Na fara aiki a farkon shekarun 1980 a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, lokacin da jiniyar canjin aiki ke cika titi da kekuna har mota ta rasa hanyar wucewa. Masaƙar KTL ta fara aiki tun 1957, masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, masana'antar makamai ta DICON ta kafu a 1964, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, matatar mai kuma ta buɗe a 1980. Wanda bai shiga ciki ba zai zaci kowane kamfani sito ɗaya gare shi, alhali a masaƙarmu kaɗai akwai siton auduga, da na rini da sinadarai, da na kayan gyaran injuna, da na yadin da aka gama, kuma kowanne da sitokifansa da akawunansa a kowane canji. Kowane irin kaya yana da kati rataye a gaban kantarsa, mai gurbin abin da ya shigo, da abin da ya fita, da abin da ya rage, da lambar takardar da ta ba da izini. Ko noti ɗaya ba ya fita sai da takardar neman kaya mai sa hannun shugaban sashe, kuma babu motar da ke wuce ƙofa sai mai gadi ya gwada takardar fita da abin da ke cikinta. Dattijon da ya koya mini aikin, wani mutumin Kudancin Kaduna wanda ya riga mu gidan gaskiya, ba ya barin mu sa makulli sai abin da ke kati ya yi daidai da abin da ke kanta, ko da kuwa za mu kai magariba muna sake ƙirga kwalayen belti. A lokacin muna ganin tsanani ne, amma ranar ƙidayar ƙarshen shekara, da masu binciken kuɗi suka zo suka ɗauki katuna suna gwadawa ɗaya bayan ɗaya, mu ne muka koma gida da kwanciyar hankali.

Abin da ya faru da Kakuri ba sai na daɗe a kansa ba, domin duk ɗan Kaduna ya sani. Ƙarancin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da lalacewar noman auduga, da atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya suka haɗu suka durƙusar da masaƙu. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida, wasu har suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Mu masu sito mu ne na ƙarshen fita, saboda sai da muka ƙirga abin da ya rage muka miƙa makullai. Daga wannan lokaci ne maganar da ɗan ƙanena ya ji ta samo asali, cewa aikin sito ya tafi tare da masaƙu.

Ra'ayina, Malam Edita, shi ne aikin yana nan, har ma ina ganin ƙofofinsa sun fi na da yawa, sai dai ya tashi daga manyan kamfanoni kaɗan masu tsari ya watsu a wurare masu yawa da mafi yawansu ba su da tsarin. Wanda ya fahimci wannan zai san inda zai nema, ya kuma san abin da zai tarar.

Babban gidan da aikin ya koma shi ne harkar amfanin gona. Jiharmu tana sahun gaba a noman masara a ƙasar nan, kuma duk wanda ya je Saminaka ko Giwa a ranar kasuwa da kaka ya ga tireloli a jere, zai san cewa kowace tirela sito take nufa. Kudancin jihar, daga Kachia zuwa Kafanchan da Kwoi, shi ne cibiyar citta, ko da yake cutar da ta afka wa gonaki a 2023 ta bar sito da yawa babu kaya, ta kuma bar yaran da ke auna cittar babu aiki. A 2017 kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki a hanyar Abuja, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, kuma irin wannan wuri yana buƙatar masara da waken suya kullum, rani da damina. A watan Janairun 2018 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Kakuri domin kwantenoni su riƙa zuwa kai tsaye, a watan Afrilun 2025 kuma aka aza harsashin yankin sarrafa amfanin gona na musamman a Chikun. Ba na ɗora buri a kan bikin aza harsashi, domin mun sha ganin allon sanarwa ya tsufa kafin gini ya tashi, amma idan ko rabin abin da aka yi alkawari ya tabbata, masu auna kaya da riƙe lissafinsa suna cikin waɗanda za a fara nema. Ga kuma kamfanonin haɗa takin zamani, da dillalan iri da maganin feshi, da manyan dillalan shinkafa da sukari da man girki da siminti, waɗanda situnansu ke bayan shagunan Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kudenda da Kawo.

Ɓangaren magani ma ya buɗe wata ƙofa da a zamaninmu ba mu san ta ba. Gwamnatin jiha tana da hukuma ta musamman mai kula da sayo magunguna da rarraba su ga asibitoci, kuma tun 2022 jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline ke tashi daga Pambegua suna kai allurar rigakafi da magani ga ƙananan asibitocin karkara. Mutane suna kallon jirgin a sama, amma kafin ya tashi akwai wanda ya tabbatar cewa allurar ta kwana a sanyin da bai gaza digiri 2 ba bai kuma wuce 8 ba, ya duba lambar rukuninta, ya fitar da wadda wa'adinta ya fi kusa ƙarewa kafin sabuwa. Wannan aikin sito ne tsantsa, kuma a nan nake ganin 'yan matanmu da suka yi karatu za su iya samun gurbi mai mutunci, domin aiki ne na natsuwa da tsafta, babu ɗaukar buhu a cikinsa.

Sai dai ka ba ni dama in daɗe kaɗan a kan hatsi, saboda a nan na yi shekarun ƙarshe na aikina, kuma a nan na ga abin da ya fi damuna. Bayan rufe masaƙa na kama aiki a siton wani babban ɗan kasuwa da ke sayen masara da kaka ya ajiye zuwa bazara. A shekarar farko aka sauke mana tirela mai buhu 300, kowane buhu kilo 100 a kan sikeli, na rubuta na sa hannu a takardar direba. Masarar sabuwar casa ce, idan ka ciji ƙwaya ba ta yin ƙara, na kuma faɗa wa yaron maigida da ya rako motar, ya ce in karɓa haka nan tunda an riga an biya. Bayan wata huɗu aka zo kwashewa, masu saye suka ce sai an sake aunawa an cika kowane buhu, sai ga giɓin kusan buhu 17. Babu ɓera, babu ƙwari, makulli bai bar aljihuna ba. Maigida ya kira ni gaban 'yan dako ya ce, "Malam, ni amana na ba ka, ina kayana?" Ban taɓa jin nauyin magana irin wannan ba, kuma sai da aka yanke mini albashin wata biyu kafin wani ma'aikacin gona ya zauna da mu da takarda da biro. Masarar da aka saya da danshi kashi 18 cikin 100, idan ta bushe ta koma kashi 13, wanda shi ne daidai ajiya, kowane kilo 100 zai koma kusan kilo 94, domin ruwa ne ya fita. A buhu 300 kuwa, wannan ya kai tan ɗaya da kilo 700 da ɗoriya, wato buhu 17 ɗin da ake nema a wuyana. Maigida ruwa ya saya da kuɗin masara tun a kasuwa, kuma da akwai na'urar auna danshi a bakin sito, da an rubuta adadin a takardar karɓa, da babu wanda zai zargi wani.

Na kawo wannan ne don a ga irin ilimin da aikin ke buƙata a yau, wanda ya wuce iya ƙirga buhu. Mai kula da siton hatsi dole ya san danshi, ya san jera buhuna a kan katako nesa da bango domin iska ta zagaya kuma a iya ƙirga layi ba tare da an rushe tsibi ba, ya san soka bututun ƙarfe a buhun tsakiya domin masu ha'inci sukan sa mai kyau a baki su cusa tsakuwa da dusa a ciki. Dole ya san yadda ake turara hatsi da ƙwayar Phostoxin a ƙarƙashin tamfol, da kwanakin da za a bar wurin a rufe, da haɗarin kwana kusa da shi. Rashin wannan sani ya taɓa jawo wa ƙasa baki ɗaya asara, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Haka kuma a watan Oktoban 2020, lokacin da aka fasa situna a cikin garin nan, gwamnati ta yi ta gargaɗi cewa a cikin abin da aka kwashe akwai magungunan da wa'adinsu ya ƙare da hatsin da aka zuba wa sinadari. Waɗanda suka san abin da ke cikin kowane ɗaki, har aka iya yin gargaɗin, su ne masu riƙe da littattafan sito.

Game da kwamfuta kuwa, ban ɓoye wa yaron komai ba. Gaskiya ne ta rage hannaye. Aikin kwafe lambobi daga takardar karɓa zuwa kati, daga kati zuwa babban littafi, daga littafi zuwa rahoton wata, wanda mu huɗu muke yi, yanzu mutum ɗaya ke yin sa da manhaja, kuma a manyan kantuna na'urar da ke haska lambar jikin kaya ita ke rage lissafi da kanta duk lokacin da aka sayar. Duk wanda abin da ya iya kawai shi ne rubutu mai kyau da haɗa lamba, gurbinsa yana ƙanƙancewa, kuma zai ci gaba da ƙanƙancewa. Amma na'ura abin da aka shigar mata take riƙewa. Idan tirelar taki ta zo da buhu 600 a takarda, sai wani ya tsaya a rana ya ƙirga 'yan dako suna saukewa, ya ware buhunan da suka yage ko suka sha ruwa, ya rubuta ragin a jikin takardar kafin direba ya tayar da mota. Idan allo ya ce akwai katan 40 amma kanta ta nuna 37, sai wani ya bi takardu baya har ya gano inda ukun suka shiga. Sannan a garin da wuta ke ɗaukewa kuma intanet ke yankewa, littafin hannu bai gama aiki ba tukuna. Wanda ake nema yanzu shi ne yaron da zai iya tsayawa a bakin tirela da safe, ya zauna gaban Excel, wato manhajar lissafi ta kwamfuta, da yamma, kuma lambobin biyu su zo ɗaya. Irin waɗannan yara sun yi ƙaranci a cikinmu, shi ya sa idan babban kamfani ya buɗe sito a Kaduna sau da yawa za ka tarar leburori da masu gadi 'yan gari ne, amma mai riƙe da lissafin daga wani wuri aka ɗauko shi. Ba na ganin laifin kamfanin a nan, kuma ba na ganin laifin wanda aka ɗauko.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da ke toshe wa yaranmu hanya. Yawancin 'yan kasuwarmu ba sa ɗaukar sito a matsayin aikin da ake koya. Alhaji zai ɗauko ɗan 'yar'uwarsa ko wani yaron gida ya ba shi makulli, hujjarsa ita ce ya yarda da shi, kuma babu mai musun cewa amana ita ce gaba da komai a wannan sana'a. Amma malamanmu sun sha karanta mana a tafsiri cewa lokacin da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, siffofi biyu ya ambata wa kansa a aya ta 55 ta surar, wato tsarewa da sani. Yaro mai gaskiya wanda bai san danshi ba, bai san fitar da tsohon kaya kafin sabo ba, bai san karɓar sa hannu kafin ya saki kaya ba, zai jawo asara, kuma idan asarar ta bayyana sai zumunci ya ɓaci a kan abin da babu wanda ya ci. Na ga gidajen da wa da ƙane suka daina gaisawa saboda giɓin da littafi na naira kaɗan zai iya warwarewa. Ko don zakka ma ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe ƙwararren mai lissafi, tunda duk shekara sai ya ƙiyasta hajarsa kafin ya fitar da ɗaya bisa arba'in, kuma wanda bai san abin da ke sitonsa ba, da me zai yi ƙiyasin?

Batun albashi shi ne inda ba zan iya yi wa yaron alkawarin komai ba. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta amince da 72,000 ga ma'aikatanta. Sai dai dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta kuma cire ayyukan da ake yi lokaci-lokaci irin na gona, kuma mafi yawan situnan da na lissafa a sama a cikin waɗannan biyun suke. Saboda haka za ka ga matashi yana riƙe da makullin kayan miliyoyin naira, abin da ake ba shi a wata bai kai kuɗin buhu biyu daga cikin abin da yake tsaro ba, babu takardar ɗaukar aiki, babu fansho, kuma da kaka ta wuce a ce ya je gida sai an neme shi. Idan farashin hatsi ya faɗi masu ajiya suka yi asara, shi ne na farkon sallama. Ya kamata masu wannan aiki su san cewa Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku ya cika, kuma ba ta yarda a yanke albashi saboda asara ba sai in ma'aikacin ne ya jawo ta da gangan ko da sakaci, sannan sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Fiƙihunmu ma haka ya ce, wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Da na san wannan a shekarar buhu 17, da ban miƙa wuya cikin sauƙi ba. Kuma ina kira ga iyaye su yi hattara da takardar tsayawa da ake ba su su sa wa hannu idan za a ɗauki yaro aikin sito, su karanta ta da kyau, su tabbatar an ƙirga kaya a gaban shaidu an rubuta kafin yaro ya karɓi makulli, domin in ba haka ba zai gaji giɓin wanda ya gabace shi.

Tsaro ma yana da hannu a cikin wannan lissafi. Shekarun da hanyar Birnin Gwari da wasu sassan Giwa da Chikun suka zama abin tsoro, 'yan kasuwa sun janye ajiyarsu daga ƙauyuka zuwa cikin Kaduna da Zariya, aikin ya taru a birni, yaran karkara suka rasa. Tun da aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 motoci sun fara komawa, kuma idan Allah ya dawwamar da zaman lafiya situnan bakin gona za su sake buƙatar masu kula.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Hedkwatar Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977, a nan cikin garin Kaduna take, kuma ita ce ke da tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa, irin wadda aka fara yi wa maƙeran Panteka. Me zai hana a yi wa yaran sito na kasuwanninmu irin wannan? Kwas na wata uku da yamma, cikin harshen Hausa, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko ta Nuhu Bamalli da ke Zariya, ko a sababbin cibiyoyin koyon sana'a na Rigachikun da Soba da Samarun Kataf, zai isa a koya wa yaro cika katin kaya, da auna danshi, da karanta wa'adin magani, da shigar da lissafi a kwamfuta ko a wayar hannu. Ɗaliban da ke karatun difloma kuma, idan lokacin koyon aiki a masana'antu ya zo, a daina barin su suna zaman ofis suna jiran a sa musu hannu a littafi, a tura su inda ake sauke tirela su yi ƙidaya da hannunsu. Cibiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Kaduna, wadda ke shirya baje kolin duniya duk shekara, tare da shugabannin kasuwanni, za su iya fito da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya tsakanin mai sito da mai kula da shi, wadda za ta faɗi albashi, da ranar ƙidaya, da ragin da aka yarda da shi na bushewa da zuba. Mu tsofaffin ma'aikatan masaƙu da muka rage a Kakuri da Makera da Nasarawa, da yawanmu a shirye muke mu koyar kyauta idan aka kira mu, domin abin da muka sani yana tafiya tare da mu ɗaya bayan ɗaya.

Shi kuwa ɗan ƙanena, na ce masa ya nemi gurbin, ya dage da kwamfuta tun daga shekarar farko, kuma kada ya jira takardar kammalawa kafin ya san warin sito. Na kuma ce masa kada ya ƙyamaci ƙaramin wuri a farko, muddin za a rubuta masa sharuɗɗa, domin babban kamfani idan zai ɗauki mai kula da kaya abin da yake fara tambaya shi ne a ina ka taɓa riƙe makulli. Wani abokina da ke da siton shinkafa da man girki a bayan kasuwa zai yi ƙidayar ƙarshen wata ranar Asabar mai zuwa, ya kuma yarda in zo da yaron. Na riga na saya masa littafi mai layi da biro biyu, ja na abin da ya fita da shuɗi na abin da ya shigo, za mu fara daga layin buhunan da ke jikin ƙofa da ƙarfe bakwai na safe in Allah ya kai mu.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon sitokifa,
Kakuri, Kaduna.